Yayana Guduma da Dokar Hana Tambaya

Yayana mai rubuta manhajar injuna ne, kuma a iya sanina babu wanda ya taɓa aiki da shi bai kwashi ashar ko mari ba. Guduma ake ce masa. Abokan makarantarsa ne suka raɗa masa, tun ranar da ya rotsa wa wani kai da dutse don kawai ya tambaye shi me ya sa takalmansa ba iri ɗaya ba ne. Ni ma ina ɗauke da tawa shedar a girar hagu, inda ya jefe ni da kofin ƙarfe. Da wani ne ya yi mini haka da na tsine wa ubansa, to ubansa ubana ne, shi ya sa har yau ban samu na zage shi yadda raina ke so ba.

Abin da ya sa halinsa ya dame ni fiye da kowa shi ne mijina. Dogo, haka kowa ke kiransa, shi ke kan babban injin yankan ƙarfe a masana'antar da mu ukun muke aiki. Hannuwansa a bakin wuƙa suke wuni, kuma babu abin da ke tsayar da wuƙar nan sai rubutun da Yaya ya yi a cikin kwamfuta.

A gidanmu tambaya laifi ce. Babanmu mai walda ne, kuma idan ka ce masa "Baba, me ya sa?" wayar wuta ce za ta ba ka amsa. Yana da wata baƙa da ya tufka gida biyu, ya rataye a bayan ƙofar shago. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, ban iya ganin abu in yi shiru ba. Sau da yawa ni zan yi tambayar, Baba ya miƙa hannu bayan ƙofa, sai Yaya ya bangaje ni gefe ya ce shi ya aiko ni. Ya tsaya ƙyam a zane shi har bayansa ya farfashe, ko uffan ba zai ce ba. Idan Baba ya fita, ya juyo ya make ni a ƙeya ya ce, "Ke, 'yar tambaya, wata rana bakinki sai ya kashe ni." Umma ta gasa masa baya da ruwan zafi tana share hawaye da gefen mayafi.

Da kallo ya koyi komai. Walda da kallo, haɗa wuta da kallo, kwamfuta ma a shagon wani mai gyara ya riƙa tsayawa a bayansa har ya fi shi. Don haka a wurinsa duk wanda ya yi tambaya ko malalaci ne ko kuma raini ne ya kawo shi. Matarsa ta yi haƙuri iya haƙuri. Ranar da ta tambaye shi inda ya tsaya, ya kifar da tukunyar miya daga kan wuta har ta fallatsar mata a ƙafa, ta kwashi kayanta, kuma wallahi ni na kama mata ɗaurin akwati.

Ofishinmu a sama yake, ɗaki ɗaya mai bangon gilashi da ke kallon filin aiki. Shi yana rubutawa, ni ina gwadawa kafin a ɗora wa inji. Daga kujerata ina hango ƙeyar Dogo da kafaɗunsa. Injin nasa tsoho ne. Da can yana da shingen ƙarfe a gaban wuƙa, aka cire shi wai yana rage sauri, aka sa wani ido mai haske a madadinsa. Idan hannu ya gitta ta gaban idon, manhaja ta hana wuƙa saukowa. Yadda aikin yake, Dogo zai tura fallen ƙarfe, ya taka feda, wani ƙarfe mai nauyi ya sauko ya danne fallen, a ɗan dakata kamar numfashi ɗaya, sannan wuƙa ta faɗo.

A cikin wannan ɗan numfashin ne masu yanka ke da wata ɗabi'a. Idan falle ya goce bayan an riga an taka, sai su zura hannu su gyara shi, don sun san injin zai tsaya. Dogo yakan yi haka ba adadi a wuni, ko tunani ba ya yi. Injin kuwa yana tsayawa ne saboda manhajar tana duba idon sau biyu, sau ɗaya lokacin da aka taka feda, sannan ta sake dubawa dab da wuƙa za ta faɗo. Yaya ne ya rubuta dubawar ta biyu da hannunsa, shekaru da yawa baya. Bai rubuta ko kalma ɗaya ta bayani a gefenta ba.

Dama haka rubutunsa yake. Kai! Ka buɗe manhajar Yaya ka ga abin tausayi. Abu ɗaya an maimaita shi a wurare barkatai, sunaye kuwa daga "abu1" sai "abu2" sai "wancan". Aiki yana yi, wannan ba a ƙwace masa ba, amma shi kaɗai ya san hanyar ciki, shi ɗin ma ya fara mantawa. An taɓa ɗauko mana wani mai gilashi, mutum mai ladabi, ya taya shi. Bawan Allah ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan abu2 ɗin me yake riƙewa?" Yaya ya zare kibod ya shimfiɗa masa a fuska. Madannai suka watse a ƙasa, gilashin idonsa ya tsage, haƙorinsa ɗaya na gaba ya bi su. Na kai shi wurin famfo yana tofar da jini, daga nan ko jakarsa bai dawo ɗauka ba.

Da Manaja ya ga ba ɗan Adam da zai zauna da Yaya, sai ya kawo mana mataimakin nan na ƙirƙirarriyar basira, wanda kake rubuta masa abin da kake so shi kuma ya rubuta maka manhaja. Ya ce a ba shi tsofaffin manhajojin injuna ya kintsa su, wato ya gyara tsarin rubutun yadda kowa zai iya karantawa, ba tare da aikin injin ya canza ba. Manaja ya faɗi haka yana tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje.

Ranar farko na yi dariya har cikina ya ƙulle. Yaya ya ba mataimakin manhajar injin Dogo, sai ga amsa ta fito a fuskar kwamfuta: "Kafin in taɓa komai, ina da tambayoyi. Wannan lambar da ake karantawa a abu2, daga wace na'ura take zuwa? Me zai faru idan ba a duba ta ba?"

"Ni kake tambaya?" Yaya ya faɗa da ƙarfi, kamar abin yana da kunne. "Ni? Uban wa ya aiko ka?"

Na ce, "Yaya, ka samu ɗan'uwana."

Ya ɗauki kofin shayi ya yi jifa. Na sunkuya, don na saba, kofin ya tarwatse a bango. Ya kai wa fuskar kwamfutar naushi ta tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, bayan hannunsa ya yanke, ya naɗe da hankici ya jawo wata. Abin takaicinsa, wannan karon babu haƙorin da zai cire.

Shi mataimakin ana rubuta masa ƙa'idojin aiki a fayil guda, ya karanta su duk lokacin da zai fara. Yaya ya zauna ya zuba masa dokoki kamar yana rubuta wa fursuna. Kada layi ya wuce tsawon kaza. Kowane suna ya faɗi abin da yake nufi, shi da bai taɓa yin haka ba a rayuwarsa. Kada aiki ɗaya ya zarce abin da ido zai gani ba tare da an ja shafi ba. Duk inda aka maimaita abu iri ɗaya, a haɗe shi wuri guda, a goge sauran. A can ƙasa kuma, da manyan baƙaƙe, ya rubuta: KADA KA YI MINI TAMBAYA. KA YANKE HUKUNCI KA YI AIKI.

Na karanta daga sama har ƙasa. Ya yi maganar tazarar layi, ya yi maganar inda za a sa waƙafi. Babu inda ya ce akwai wuƙa a ƙarshen rubutun nan, balle ya ce akwai mutum a gabanta. Na ce masa, "Yaya, ka gaya masa fa inji ne mai yanka. A wurinsa duk lambobi ne kawai."

"Ni wa ya gaya mini lokacin da nake koyo?"

"Kai ai kana ganin injin da idonka."

Ya ɗago ya kalli girata ta dama, mai lafiyar. Na koma kan aikina.

Gaskiya aikin ya yi kyau, ba zan ci hakkin mataimakin ba. Manhajar da ta fi ƙarfin karatu ta dawo fes, ko ni ina bi ina ganewa. Yaya ya riƙa ja da shafin sama da ƙasa yana murmushi, yana cewa, "Kin gani? Da ma tsawa yake so." A ƙarshen aikin mataimakin ya bar bayanin abin da ya canza. Yaya ba ya karanta irin wannan, ya ce surutu ne. Ni aikina ne in karanta. A tsakiyar bayanin na ga ya ce: "Na sami dubawa biyu iri ɗaya a kan abu2, na haɗe su zuwa ɗaya bisa ƙa'ida. Ta biyun tana zuwa ne a wani lokaci daban, kuma ban san abin da take karewa ba. Tunda an hana ni tambaya, ina ba da shawarar a gwada wannan kafin a ɗora."

Abu2 kuwa shi ne idon nan na gaban wuƙa. Na leƙa ta gilashi, ga Dogo can ya taka feda, ya zura hannu ya gyara falle, injin ya tsaya, ya janye hannun yana hira da na kusa da shi.

Na juya kwamfutata na ce, "Yaya, ya goge dubawa ta biyu."

"Maimaici ne. Ɗaya ta isa."

"Ta farko ta lokacin takawa ce. Wadda ya goge ita ce ta bayan an taka. Kai ka rubuta ta!"

"Ni za ki koya wa abin da na rubuta?"

"To me ya sa ka rubuta ta sau biyu in ɗaya ta isa?"

Na ga tambayar ta shige shi, don idonsa ya ɗan tsaya. Bai tuna ba. Wallahi bai tuna ba, kuma ya gwammace ya mutu da ya ce bai tuna ba. Ya miƙe ya kifar da teburina, kwamfuta da takardu da ruwan shana duk suka zube. Ya shaƙo wuyan hijabina ya haɗa ni da bango har ƙeyata ta bugu, ya ce in na ƙara buɗe baki sai ya daidaita mini girar. Na tofa masa miyau a riga na ce ba zan sa hannu a wannan aikin ba ko zai yanka ni. Da ya sake ni na fita neman Manaja.

Lokacin hutun azahar ne, Manaja ya fita cin abinci. Na zaga ofisoshi, na je har bakin get, wayarsa tana ta ringi ba a ɗauka. Kafin in dawo Yaya ya sauka ya ɗora wa injin sabuwar manhajar. Na shigo filin aiki daidai an kaɗa ƙararrawar komawa, Dogo yana sa safar hannu.

Na ruga na tsaya tsakaninsa da injin. "Kada ka taɓa shi."

"Lafiya, maman yara?"

"Na ce kada ka taɓa!"

Ma'aikata suka fara taruwa. Yaya ya ratso su yana naɗe hannun riga. Yana da wata al'ada da kowa ya sani, duk injin da ya gama yi wa aiki, da hannunsa yake gwada shi a gaban jama'a. Ya ɗora hannun dama a ƙarƙashin wuƙa, ya taka feda. Injin bai motsa ba. Ya sake takawa, shiru. Wasu suka yi tafi, wani ya ce, "Sai Guduma!"

Na ce, "Ba haka Dogo ke aiki ba. Takawa yake fara yi, sannan hannu ya shiga." Na fizgo sandar tsintsiya daga hannun mai shara. "Ka taka, ni in zura wannan. In ya tsaya, ka mare ni a gaban kowa, na yafe."

"Sanda? Aikina za ki gwada da sandar shara?"

Ya ƙwace ta ya karya a gwiwa, ya yi wurgi da guntayen, sannan ya ɗauke ni da marin da bai jira sharaɗinsa ba. Kunnena ya yi ɗif, na faɗi kan tarin fallaye, gefen ɗaya ya tsaga mini tafin hannu. Dogo mutum ne da ko yaranmu bai taɓa ɗaga wa murya ba, amma ranar na ga ya cakumi kwalar Yaya ya ɗaga shi sama. Yaya ya sa masa goshi a hanci. Jini ya ɓalle ya wanke gaban rigar Dogo, suka zube ƙasa suna birgima cikin ɓarɓashin ƙarfe, sai da ƙarti suka taru kafin aka ɓanɓare su.

Ana cikin haka Manaja ya shigo da tsinken sakace a baki. Bai tambayi me ya faru ba, shi ma ya san gidan da yake aiki. Ya kalli motar da ke jiran kaya a bakin ƙofa, ya ce duk wanda ba zai yi aiki ba ga hanya nan. Ya ce, "Dogo, koma kan injinka."

Dogo ya share hanci da bayan safa. Ya kalle ni ya ce, "Zan kula, ba zan sa hannu ba." Ƙarya ce, ba da gangan ba. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana shiga da kansa ba ya jiran izinin mai shi. Ya ɗauko falle ya tura, fallen ya ɗan karkace kamar yadda ya saba, ya ɗaga ƙafa zai taka. Ina ƙasa ina ihu ina kiran sunansa, mata biyu sun riƙe ni.

Sai Yaya ya bangaje shi. Da kafaɗa ya ture shi gefe, irin turewar da na sani tun ina ƙarama, har Dogo ya yi taga-taga ya dafe bango.

"Matsa, ragon banza. Ku buɗe ido ku gani."

Ya taka feda. Ƙarfen dannewa ya sauko. Ya zura hannun dama.

Ƙarar ba ta bambanta da ta kullum ba, wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Wuƙar ta faɗo ta koma sama abinta. Yaya ya janye hannu ya ɗaga shi yana kallo, babban yatsa kaɗai ya rage, jini yana tsartuwa har kan fuskar Manaja. Sauran yatsun suna can bayan wuƙa a kan falle, a jere. Wani ya saki salati, wani ya juya yana amai. Yaya bai yi ihu ba. Ya tsaya ƙyam yadda yake tsayawa a shagon Baba, sannan ya yanke jiki ya faɗi. Dogo ne ya cire bel ɗinsa ya ɗaure masa dantse, ya saɓa shi a kafaɗa ya yi waje da shi, jininsu ya haɗu a riga ɗaya. Ni na kwashe yatsun a cikin hijabina na bi su da gudu, amma likita ya ce ƙashin ya niƙe, ba za su ɗinku ba.

An mayar wa injin da shingen ƙarfensa a satin, Manaja da kansa ya tsaya aka yi waldar. Ni na mayar da dubawa ta biyu, na rubuta bayani a gefenta da ya fi ta tsawo.

Yaya ya dawo aiki bayan ciwon ya warke. Ba ya iya buga kibod da hannu ɗaya yadda yake so, don haka da baki yake yi wa mataimakin magana, shi kuma ya rubuta. Kada wani ya ɗauka ya zama salihi. Har yanzu yana ashar, kuma ya koyi jifa da hagu, sai dai saitin bai kai na da ba. Amma ina zaune ya sa aka buɗe fayil ɗin ƙa'idoji, ya ce a goge layin ƙarshe. Ya ce a rubuta a can sama, kafin maganar tsawon layi da sunaye, cewa wannan manhajar tana sarrafa wuƙa, akwai mutum a gabanta, kuma mutumin yakan sa hannu bayan ya taka. Ya ce duk abin da aka ga an maimaita a kusa da ido ko feda, kada a haɗe, kada a goge, a tsaya a tambaye shi. Mataimakin ya ce ya gane, sannan ya jero masa tambayoyi. Na ga jijiyar wuyan Yaya ta tashi, ya damƙe gefen tebur da hagu, ya amsa su ɗaya bayan ɗaya yana huci.

Ni dai ban huce ba. Da ya yarda, sandar tsintsiya ta ishe mu, da yanzu yana da hannunsa. Duk ranar da na ga yana kokawa da maɓallin riga sai in ji kamar in rufe shi da duka, sai kuma in shiga banɗaki in yi kuka.

Wata rana da hantsi muna zaune mu biyu, yana kallon Dogo ta gilashi, dungulmin hannun a kan cinya. Na matsar da kofin shayinsa daga inda hagunsa zai kai, sannan na ce, "Yaya, in tambaye ka?"

Bai juyo ba.

"Da ka sa hannun nan, ka tabbata zai tsaya?"

A ƙasa Dogo ya tura falle ya taka, wuƙa ta faɗo a bayan shinge.

"Ban tabbata ba," ya ce. "Da na tabbata ai da na bar shi ya sa nasa."

Ya miƙo hagu yana laluben kofin, na tura masa.